Haƙorin Balaraba Mai Guɗa

A Yako, in aka kai amarya ba a ji guɗar Balaraba ba, sai mutane su tambaya ko lafiya. Tun tana budurwa Allah ya ba ta murya. In ta kama hanci ta rangaɗa, masu babur a bakin hanya sai sun waiwayo. Ni maƙwabciyarta ce, ina sonta, amma matar nan ba ta jin magana.

Abin da ya ja mata shi ne buɗe kwalbar lemo da haƙori. A gidan biki mabuɗi ba ya daɗewa yake ɓata, sai ka ji an ce, "A miƙa wa Balaraba." Ita kuwa ta karɓa tana yanga. Rannan a wani biki a Kiru haƙorinta na gaba ya tsage. Ta sa kanumfari, ta kuskure da ruwan gishiri, leɓe ya kumbura suntum, ƙarshe dai aka cire haƙorin.

Giɓin bai yi mata daɗi ba, sai ta sa aka yi mata na roba, irin wanda ake cirewa a wanke. Da shi ta je kai amarya Bebeji. Tana tsakiyar guɗa haƙori ya yi tsalle ya faɗa kwanon alkaki. Mata suka kwashe da dariya har da riƙe ciki, ita kuwa idonta ya ciko. Daga ranar ta daina zuwa biki, ko magana za ta yi sai ta kare baki da gyale. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Da aka sa ranar auren autarta Hamdiyya, yarinyar ta durƙusa a gabanta ta ce, "Inna, wata ce za ta yi min guɗa kina raye?"

Washegari Balaraba ta kira babban ɗanta Ja'afar. "Dashen haƙorin nan da kake ta damuna da shi, tashi ka kai ni."

Suka shiga mota a Kwanar Dangora sai Kano. Likita ya ce ɗan ƙarfe zai dasa a ƙashin da ke ƙarƙashin dasashi, a jira ƙashi ya kama shi, sannan a ɗaura haƙori a kai.

"Ƙusa a bakina, likita? Ni ƙyaure ce?" in ji ta. Amma ta zauna aka yi. Damina ta ƙare tana jira tana mita, sai gab da biki aka ɗaura haƙorin.

Ranar kai amarya muna ƙofar ɗaki, mata suka yi tsit, ba wadda ta yarda ta riga Balaraba guɗa. Na ga ta taɓa haƙorin da harshe. Sai ta yaye gyale, ta kama hanci, ta rangaɗa wata guɗa doguwa da ta tashi kajin gidan. Haƙori yana nan daram. Ta ƙara ta biyu. Hamdiyya ta fito da hannu daga lulluɓi ta riƙe zanen uwarta tana kuka, ni ma na share nawa hawayen.

Ana cikin haka wata mai neman tsokana ta miƙo kwalba. "A ba Balaraba!"

Balaraba ta yi dariya da bakinta duka, ta kwance bakin zane ta fito da mabuɗi.