Ranar da Ya Falmata Ta Ƙi Karɓar Buhun Gero

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai yayata Falmata makwancinta a Nguru. Ba kowace shekara nake rubutu a kanta ba. Bana dai na ji ana ta maganar rage kuɗin da gwamnati ke kashewa a kan cibiyoyin masu buƙata ta musamman, sai na ga bai kamata in yi shiru ba, tunda na san abin da irin wannan ragi ya taɓa yi mana.

Shan inna ya kama ta tun tana ƙarama, ƙafafunta duka biyu suka shanye. Har ta zama budurwa da rarrafe take zirga-zirga a cikin gida. Abin da ya fito da ita duniya shi ne wani gidan koyon sana'a na naƙasassu da gwamnati ta buɗe a garinmu, kusa da tashar jirgin ƙasa. Akwai ajin ɗinki, akwai ajin saƙar tabarma na makafi, akwai ɗakunan kwana na waɗanda suka zo daga ƙauyuka. A bayan gidan kuma akwai rumfar walda, inda Malam Yohana, mutumin Filato, yake ƙera keken guragu. Ranar da Ya Falmata ta fara tuƙa kekenta zuwa kasuwa ita kaɗai, mahaifiyarmu ta sa mayafi ta bi ta daga nesa, har ta ga ta tsaya tana cinikin atamfa, sannan ta juyo gida tana share hawaye.

A tsakiyar shekarun tamanin, lokacin muna cikin jihar Borno, aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Ita a lokacin ta riga ta zama mai koyar da ɗinki a gidan. Da farko abincin ɗalibai ne ya daina zuwa. Daga baya ƙarfen da Malam Yohana ke aiki da shi ya ƙare, ya koma tsintar tsofaffin gadajen ƙarfe. Sai labari ya iso cewa za a rufe gidan gaba ɗaya.

Ni a lokacin fataucin bandar kifi nake yi. Wata safiya ta turo kekenta har rumfata, ta ce, "Bukar, an ce wani babban jami'i daga Maiduguri yana rangadi, a Gashua zai tsaya, ba zai iso nan ba. Ka nemo mana mota."

Na ce, "Ya Falmata, mulkin soja fa ake yi."

Ta ce, "Na sani. Ba faɗa za mu je yi ba, gaisuwa za mu kai."

Motar kifi na samu. Muka ɗora kekuna a sama, mutane a ƙasa, makafi da guragu da Malam Yohana, muka kama hanyar Gashua a cikin zafin bazara. Da muka isa masaukin baƙon, masu kula da ƙofa suka ɗauka bara muka zo yi. Suka shiga, suka fito da buhunan gero, suka ce mu yi wa mai gida addu'a mu tafi. Ba zan ɓoye ba, a cikinmu akwai masu jin yunwa ta gaske, har wasu sun fara miƙa hannu. Ya Falmata ba ta hana kowa ba. Ta ce wanda yake so ya ɗauka, ita dai ba abin da ya kawo ta ke nan ba, za ta jira. Kaɗan suka ɗauka. Sauran suka zauna tare da ita a rana, har jami'in ya gaji da hango su ta taga, ya fito.

Mutum ne mai ladabi, ya durƙusa daidai kekenta. Ya ce, "Baiwar Allah, ba ku kaɗai abin ya shafa ba. An rage wa asibitoci, an rage wa makarantu. Kuɗin ne babu."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na yarda babu. Amma mai ƙafa in an rage masa, zai tashi ya nema a wani wuri. Mu in aka rufe gidan nan, bakin titi ne kawai ya rage mana."

Bai yi mana alkawarin komai ba. Bayan wani lokaci hukunci ya fito: an bar ajin ɗinki da rumfar walda, an rufe ɗakunan kwana. Mutanen gari suka ce ta yi nasara. Ita ba ta taɓa kiran abin nasara ba, saboda Adama. Adama ɗalibarta ce daga Katuzu, saura ƙiris ta ƙware a yankan riga, amma rashin wurin kwana ya mayar da ita ƙauye. Shekaru bayan haka na gan ta a tashar motar Gashua tana bara da goyo. Da ta gane ni sai ta juyar da fuska. Da na ba Ya Falmata labari, kwana ta yi ba ta ci abinci ba.

Da za ta dawo yau, na san abin da zai fara ba ta dariya shi ne sabon sunan da aka raɗa wa irinsu. An daina cewa naƙasassu, yanzu masu buƙata ta musamman ake cewa, kuma hakan ya yi kyau. Za ta ji daɗin ganin gurgu yana tuƙa babur mai ƙafa uku yana ɗaukar fasinja a titunan Nguru. Amma za ta tambaya, me ya sa har yau duk lokacin da kuɗi ya yi ƙaranci, wajensu ake fara kai almakashi? Masu tsara kasafi suna ganin sun rage kashe kuɗi. Ni na ga inda nauyin yake komawa: kan uwar da za ta bar sana'arta ta zauna jinya, da matashin da zai iya ciyar da kansa amma aka bar shi yana jiran sadaka.

Ya Falmata ba ta bar gida ko gona ba. Ta bar mata da yawa a Nguru da Gashua da suke cin abinci da keken ɗinki, wasu ba su ma san ta hannun wa sana'ar ta iso musu ba. Ni kuma yanzu gwiwoyina sun gaza, da sanda nake zuwa masallaci, kuma matakala biyun da ke ƙofar asibiti sai an kama ni nake hawansu. Sai a tsufana na gane cewa ba guragu da makafi kaɗai ta zauna wa a rana ba, har da mu da muke tsaye a kanta da ƙafafunmu.

Allah ya haskaka kabarinta, ya ba masu riƙe da al'amuranmu ikon sake tunani.