Shekarun da Auduga Ta Cinye Gayaunar Iya

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa faɗin sunan mahaifina ba har ta koma ga Allah. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta zama inda yake zaune. In tana son a gyara danga, sai ta dubi dangar ta ce, "Oh, ashe gidan nan babu maza." Washegari sai a ga an gyara. Haka suka zauna, kuma ban taɓa ganin uwa da ɗa masu son juna kamarsu ba.

A Kakuri ta Kaduna muke lokacin, shekarun da ake ginin masaƙa, ina 'yar shekara tara ko goma. Gonarmu tana hanyar Narayi. A gefenta akwai gayaunar Iya, wato ɗan yankin da aka yanka mata nata na kanta, babu ruwan gandu da shi. Wurin bai fi tsakar gida biyu ba, amma akwai kuɓewa, rama, yakuwa, kabewa da gujiya. Sai kuma wani jan wake mai ɗigo-ɗigon fari, wanda ta zo da irinsa daga ƙauyensu ƙulle a bakin zane. Ba a samun sa a kasuwa. Duk kaka sai ta zaɓi masu kyan ciki, ta cuɗa da toka, ta zuba a gora ta toshe, sai wata damina.

In an yi isha'i an ci tuwo, Iya takan tura itace ɗaya a murhu ta ɗora ɗanyen ganye, domin sauron bakin kogi ba ya wasa. Sai mu kewaye ta, mu yaran gida da 'ya'yan maƙwabcinmu, wani bakanike ɗan ƙabilar Ibo, waɗanda in ana faɗa sun fi mu iya Hausa. Takan fara da cewa, "Mai barci ya tafi ɗakin uwarsa, mai kunne ya matso." Ba wanda ya taɓa tafiya.

Wata bazara malamin gona ya zo yana rabon irin auduga kyauta, yana cewa masaƙa in ta tashi ba za ta ƙoshi ba. Baba ya dawo da buhu a kai. Ya gaya wa Inna, mahaifiyata, cewa bana auduga zai shuka daga wannan iyaka zuwa waccan, har da gayauna. "Shekara biyu kawai," in ji shi. "In an samu, abin miya ai sai a saya." Ya san Inna ce za ta kai saƙon. Inna ta kai, kanta a sunkuye. Iya ta ce, "To," ta ci gaba da kaɗin zarenta.

Ranar ba ta shimfiɗa tabarma inda ta saba ba. Ta ja ta har jikin zanan da ya raba mu da turakar Baba, inda yake zaune yana buga wa fartanya ƙota. Ta kuma ɗaga murya fiye da kullum.

Labarin da ta ba mu a daren na wani gari ne da mafarauci ya tarar da dutse yana zubar da zuma. Fatake suka riƙa zuwa da hatsi da tufa da gishiri suna musaya. Manomi ya jingine fartanya, maƙeri ya kashe wuta, kowa ya ɗauki ƙwarya ya bi layin dutse. Irin shuka kuwa aka liƙe shi a tukwane, wai sai ranar da aka buƙata. Aka yi shekaru ana shan daɗi. Sannan zuma ta fara raguwa, fatake suka ji labarin wani dutse a wata ƙasa suka juya jakunansu can. Sarki ya tara fadawa, aka yi shela cewa nan da damina uku kowane gida ya mallaki rumbu uku, na gero da na dawa da na wake. Aka naɗa Sarkin Rumbuna, aka yi kiɗa kwana bakwai, aka gina rumbuna masu ado. Ruwa ya sauka, aka fasa tukwane aka yi shuka. Ko tsiro ɗaya bai fito ba.

Na ce, "Iya, gara ce ta cinye?"

"Gara ba ta taɓa shi ba, uwar tambaya. A ido lafiyarsa lau. Iri ba ya rayuwa a tukunya. In ya daɗe bai ga ƙasa ba, yana zaune zai mutu, ke kina cewa kin yi ajiya."

"To sarkin fa?"

"Sarki ya sake shela mana. Ya ce nan da damina biyar."

Muka kwashe da dariya. Sai da muka yi shiru na lura bugun fartanya ya tsaya. Baba ya yi gyaran murya, ya ce da zana, "Shekara biyu ai ba shekara goma ba ce." Iya ta dubi murhu ta ce, "Wutar nan ta mutu, ku tashi."

Aka shuka auduga har gayauna. Gaskiyar magana audugar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Baba ya sayi keke, ya yi wa ɗakin Iya rufin kwano kafin nasa. Saboda ta yi kyau ɗin ne shekara biyu ta zama uku, ta zama huɗu. Iya ta gwada shuka waken nan a bayan ɗaki, awakin unguwa suka cinye tun bai yi fure ba. Ta sake gwadawa, suka sake. Sai ta toshe gorar ta haƙura.

Da tsutsa ta shiga auduga, Baba ya aika Inna ta ce wa Iya wurinta yana nan. Ni na raka Iya shuka. Kwana uku muka fara leƙawa, kwana biyar, kwana bakwai. Kuɓewar da muka roƙo a maƙwabta ta fito, ramar ma ta fito, layin wake kuwa shiru. Rana ta tara ta durƙusa ta tono ƙwara ɗaya, ta murza, ta narke mata a yatsa. Ta goge hannu a zane ta ce, "Ladi, kai wa uwarki gorar nan ta zuba gishiri." Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, kuma na daɗe ina jin haushin Baba.

Da na girma na yi aikin buga takardu a ofishin gwamnati har na yi ritaya. A idona man fetur ya zo, gyaɗa da auduga suka koma gefe. Ban san adadin takardun da na buga ba masu cewa za a rage dogaro da mai, za a farfaɗo da noma da masana'antu nan da shekara kaza. Har yau ina jin irinsu a rediyo. Ba na yi musu dariya, domin na san masu rubuta su da yawa da zuciya ɗaya suke yi, kamar yadda Baba ya yi nasa lissafin. Tambaya ɗaya ce ban taɓa gani a cikinsu ba: kafin ranar ta zo, wa ke ci gaba da shuka irin? Makanikan masaƙa da na sani sun tsufa, 'ya'yansu suna acaɓa, kuma sana'a ma in aka daɗe ba a taɓa ta ba haka take mutuwa a zaune.

Baba ya kai shekara tamanin da wani abu. A cutar ajalinsa ya daina cin komai, sai wata safiya ya ce yana marmarin waken Iya. Na zaga kasuwar Kakuri, na je Sabon Tasha, na tambayi matan kudancin Kaduna masu kawo hatsi daga ƙauyuka. Wata ta ce ta taɓa gani wurin kakarta. Daga ƙarshe na sami wani ja mai kama da shi, na dafa da man gyaɗa yadda Iya take yi, na kai masa. Ya ci loma biyu ya ture kwanon.

"Ba shi ba ne, Ladi," in ji shi. "Daina yawon kasuwa. Babu shi, ni na sani. Da hannuna na nome wurin."