Ranar da Ashiru Ya Je Ɗaukar Shara a Tarauni

Ashiru Mai Bidiyo ya shekara takwas yana ɗaukar biki da suna a Gyaɗi-Gyaɗi kafin ya ga shi ma ya isa gyara ƙasa. Shekarar da soja suka koma bariki ce, bakin kowa ya buɗe.

Maƙwabciyarsa Husaina, nas a asibitin koyarwa, ita ta zuga shi. Ta ce yaran da ake kawo musu da amai da gudawa, da yawansu daga layi ɗaya suke a Tarauni, inda leda ta toshe lambatu, ruwan ƙazanta yana komawa gidaje.

"Kai da kake da kyamara, ka nuna wa sabon kansila mana," in ji ta.

Nan take kansa ya kumbura. Ya ɗinka riga mai aljihu goma irin ta 'yan jarida, ya bi layin gida-gida yana shelar cewa ranar Asabar zai ɗauki ƙazantarsu duniya ta gani. Idan yana ba da labarin yanzu, a nan yake dafe kai ya ce, "Wai ni mai wayo!"

Ranar Asabar ya iso da sabon kaset, ya tarar da layi fes. Ashe Inna Rabi, dattijuwar layin, tun Alhamis ta tasa magidanta a gaba sun yashe lambatun. Mata sun sha lalle, maza sun karya hula.

"Inna, ina sharar?"

"Wace shara, ɗan nan? Mu za ka nuna cikin datti, surukanmu suna kallo? Ɗauke mu a haka."

Ya zagaya neman ko da leda ɗaya. Ɗan tsibin sharar da ya rage, wani Malam Audu ya shimfiɗa tabarma a kai ya zauna, ya ƙi tashi. Haka Ashiru ya ƙare da awa biyu na mutane suna gaida 'yan uwa a ƙauye.

Kansila ya kalla har ƙarshe, ya yaba, ya ce wannan layi ai ba ya buƙatar komai, ya tura motar shara wani wuri.

A daminar nan Husaina ta ce yaran layin sun ragu a asibiti. Ashiru ya ji daɗi, amma sai da ya yi wata guda yana kauce wa Tarauni, don yara suna bin sa da "Mai neman shara!" Ya koma ɗaukar bikinsa. Rigar kuwa ya ba ƙaninsa direba, yana zuba goro da mukullai a ciki.