Malam Maharazu da Jan Nama

Kafin rana ta yi zafi, Malam Maharazu ya riga ya tafasa almakashinsa, ya jera auduga da ruwan gishiri a ɗakin shan magani na wani ƙauye kusa da Sandamu. Aikinsa wankin ciwo, irin wanda warinsa ke korar ɗan'uwa na jini. Tun shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a yake wannan durƙuso, ga shi bana zai yi ritaya.

Ku tambayi Harisu ɗan acaɓa. Salansar babur ta ƙone masa ƙwauri a hanyar Kongolam, ƙunar ta zama gyambo, har likita a Daura ya ce in nama bai taso ba, sai dai a yanke ƙafar. Harisu, ƙaton mutum, ya zo gaban Malam Maharazu ya fashe da kuka: "Malam, da me zan tayar da babur? Kuma wa zai yarda ba haddi aka yi mini ba?"

Maharazu ya duƙufa wanki kullum. Da ciwon ya fara yin jawur yana tsattsafo jini, sai Inna Kande, mahaifiyar Harisu, ta tsorata, ta ɗebo toka ta barbaɗa don ya bushe. Wai taimako! Malam ya kwance bandeji ya ga aika-aika. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ya tsuguna gabanta.

"Inna, wannan jan da kike tsoro, shi muke roƙon Allah. Ƙananan jijiyoyin jini ne ke tsirowa daga tsofaffin, kamar saiwar gero, suna kai wa sabon nama abinci. Inda babu su, nama ba ya tasowa. Tokar nan ƙone su ta yi."

"Wayyo ɗan nan, na kashe masa ƙafa ke nan?"

"A'a, za su sake fitowa. Ki dai bar toka a murhu."

Ya koma farko, bai yi ƙorafi ba. Ranar da jan ya dawo, Inna Kande da kanta ta leƙa, ta ga jini, ta rangaɗa guɗa. Ba a yanke ƙafar ba.

Kai ne mai haƙurin jiran nama, Malam Maharazu, kuma muna alfahari da kai. Allah ya saka maka da alheri. Ku masu tasowa, ku koyi zama gaban ciwon da kowa ke toshe wa hanci. Yau Harisu na cin kasuwar Mai'adua a kan babur, kuma da wannan ƙafar yake buga masa kiki ya tayar da shi.