Ranar da Sista Rabi ta tura ni ɗakin wanki

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar da aka ce ni, Sale atanda, na ƙona marar lafiya da wuta. Ga wanda bai san aikin ba, atanda shi ne mai tura keke, mai canza zanin gado, mai juya wanda ba ya iya juyawa. Karatuna aji huɗu ne na firamare, amma na fi kowane likita sanin nauyin mutane.

Lokacin saura mini shekara biyu in yi ritaya a wani asibiti nan yankinmu. Aka kawo wani dattijo daga Kutawa, Malam Tanko, zazzaɓi ya hau masa kai. Ni yakan kira ni Sarkin Fawa, likita kuwa kullum sai ya tambaye shi ko ya ɗaure masa jakinsa. Ƙanensa Malam Iro ke jinyarsa, mai farin gemu irin nawa, sai dai nawa ya fi tsari.

Da hantsi Sista Rabi, shugabar ɗakin maza, ta zo zagaye. Tsohon ya kama gefen rigarta, ya nuna ni.

"'Yar nan, mai gemun nan ya sa mini wuta."

Ɗaki ya ɗauki dariya, har da ni da sauran haƙorana. Sista ba ta yi ba. Ta jawo kujera ta zauna daidai kansa.

"Baba, a ina wutar ta taɓa ka?"

"A ƙasa."

"Yaushe?"

"Ranar da muka yi shuka."

Ta rubuta haka nan, da shukar da komai, ba ta gyara masa ko kalma ɗaya ba. Sannan ta juyo.

"Baba Sale, ka koma ɗakin wanki sai na neme ka."

"Ni, Sista? Kan maganar mutumin da jiya ya ce in yanka masa tsoka mai kitse?"

"Kai fa. Ban ce ka yi ba. Ƙa'ida ce."

Ƙa'idar ita ce, duk wanda marar lafiya ya ambata, a raba shi da gadon, a duba jikin a gaban shaida, a rubuta, a kai wa babbar sista. Ni da na ɗauka an yi ta ne don masu hankali.

Ta kira wani nas namiji, suka ja labule. Sai ga ƙuna biyu a bayan cinyar tsohon, sababbi, sun ɗuri ruwa. Labari ya iske ni ina matse zannuwa, nan dariyata ta ƙare. Shekara talatin da ukku ina aiki, ni ne kuma ladanin unguwarmu a Kurfi. Da wane baki zan kira salla in an sallame ni da sunan mai gasa tsofaffi?

Sista ta ɗauki bargon da suka zo da shi daga gida, ta shinshina, ta ɗaga shi a taga. Ƙananan ɓuloli, da warin hayaƙi. Ta kira Malam Iro ofishinta, ta ba shi ruwa. Ofishin yana jikin ɗakin wanki, ni kuwa Allah bai rage ni da kunne ba.

"Baba, wa ya ce muku iska ce?"

Ya ajiye ruwan, ya ce:

"Mutanen gida, Hajiya. Yaya bai taɓa hira da uwarmu da ta rasu ba sai yanzu. Suka aiko da turare."

Ashe jiya bayan azahar, ana canjin ma'aikata, ya samo garwashi wajen mai shayi, ya zuba turaren a kai, ya tura kaskon ƙarƙashin bargon. Yayan ya motsa, wutar ta taɓa shi.

"Me ya hana ka faɗa da safe?"

"Tsoro. Na ce za a kore mu, ya mutu a hanya."

"Ba mai korar ku. Zazzaɓi ne, in ya sauka zai gane ka. Ka yi masa addu'a iya ƙarfinka, amma wuta ba ta sake shigo mini ɗaki."

Ta wanke ƙunar da hannunta, ta kuma sa komai a rahoto, ba ta rufe ba.

Da ta kira ni, na je da fushina, don haƙƙina ne.

"Sista, ki kai ni wanki saboda mai neman jaki a asibiti?"

"Baba Sale, wanda ya ƙona shi ne ya ɓace masa, amma wutar gaskiya ce. Wata rana kai ne a gadon nan, ba ka san sunanka ba, ka ce wani ya cuce ka. In yi dariya?"

Na sosa gemuna. Can na ce, "A'a. Ki rubuta."

To ku 'yan baya a aikin jinya, abin da na koya ke nan. Wanda hankalinsa ya gushe yana iya ɓata suna, ya ɓata rana, amma ciwon da yake faɗa sau da yawa yana nan a jikinsa, sai an duba. Nas ta ƙwarai tana iya ɓata wa abokin aikinta rai na wuni guda don wanda ba shi da bakin kare kansa. Ba don Allah kaɗai nake muku wannan wa'azi ba. Bara na fara neman hulata tana kaina, kuma a cikinku ne wani zai karɓe ni.