Ƙusa a Takalmin Hagu

Shekara talatin da huɗu ke nan Dunduniya yana gyaran takalma a bakin hanyar tashar mota, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ta karkace gefe guda. Direbobi ne suka laƙaba masa sunan, domin in ka miƙa masa takalmi ba ya kallon fuskarka sai ya kife shi ya dubi inda dunduniyar ta cinye. Daga nan kuma ka shiga uku, don sai ya karanta maka tarihinka kaf.

"Kai, gwiwarka ta dama tana damunka, ko?" in ji shi ga wani. Ga wata kuma ya ce, "Ke, ki riƙa sauya wa jakar nan kafaɗa, kin karkace." Abin haushin shi ne da wuya ya yi kuskure. Mutane sukan tafi suna tsaki, su kuma dawo, saboda ɗinkinsa ba ya warwarewa.

Yana da wata ɗabi'a da ba ya fasawa. Kafin ya taɓa basilla ko guduma, sai ya zura yatsu cikin takalmi ya shafa shi tun daga baki har ƙurya. Ya ce waje yana nuna yadda mutum ke tafiya, ciki kuwa yana nuna abin da ƙafar ke sha.

A gurin nan ya samu matarsa. Tana budurwa ta zo a ɗinka mata takalmi, ya shimfiɗa kwali ya ce ta taka ya zana ƙafar. Fensir yana taɓa gefen tafinta ta yi tsalle, ta ɗauke shi da shuri a haɓa har ya ciji harshe. Cakulkuli ne da ita na bala'i, ko ƙuda ya sauka mata a ƙafa sai ta zabura. Ta yi ta ba shi haƙuri tana dariya, shi kuma da jini a baki ya ce, "Ba komai, Gimbiya." Sunan ya bi ta har yau, kuma awon da ba a gama ba ranar shi ya sa ta dawo sau uku.

Abu ɗaya ne ta hana shi tun farkon aure, wato takalminta. Ta ce ya je can ya karanta mutanen gari, ita ba jarida ba ce. In silifa ta tsinke mata, da kanta take soke ta da waya. Aikinta shara da goge-goge a wata makarantar firamare, kuma takalmin aikin, baƙi sau-ciki, a can take barinsa cikin ɗakin tsintsiya. Bai taɓa sa shi a ido ba.

A kan katakon da ke can saman rumfarsa akwai wani takalmi guda ɗaya, na hagu, lamba arba'in da biyar, ya yi ƙura. Na Dogo ne, direban tirela, wani ƙaton mutum mai tumbi da fara'a. Shekara huɗu da suka wuce Dogo ya cire takalmansa a nan don a goge masa. Dunduniya ya zura hannu, sai ga murfin kwalbar lemo a ciki, haƙoransa suna kallon sama.

"Tun yaushe kake tafe da wannan?"

"Wallahi ban sani ba," in ji Dogo. "Ƙila tun safe."

Aka yi ta dariya, Dunduniya ya fi kowa. Ya ce ƙafar Dogo ta zama taya, sai dai a kai ta wajen mai faci. Bayan wata takwas Dogo ya sauko daga a-daidaita da sanduna biyu a hammata, wandonsa na hagu a naɗe an soke shi da fil. Ya rame, fara'ar ta tafi. Ya ajiye takalman biyu, ya ce a gyara masa na dama, na hagun a ba duk mai so. Wa zai so takalmi ɗaya? Dunduniya ya ɗora shi sama, ya kwana biyu abinci ba ya masa daɗi, domin dariyar nan tasa ta tsaya masa a rai.

Sista ce ta warware masa abin, wata nas da ke kawo masa fararen takalmanta duk ƙarshen wata. Ta zauna a kan bencinsa tana jira, ya ba ta labarin Dogo.

"Ciwon suga ne, Baba," ta ce. "In suga ya daɗe da yawa a jini, yakan lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyoyin da muke jin abu da su. Jijiyar da ta fi tsawo ita ce mai zuwa yatsun ƙafa, don haka ita ke fara galabaita. Da farko mutum zai ji zafi da raɗaɗi, kamar ana tsira masa allura. In ba a tare abin ba, wata rana sai ƙafar ta yi shiru."

"To ai an samu sauƙi ke nan."

"Sauƙin lafiya? Ai nan ne abin tsoron. Zafi shi ke gaya maka ka ɗaga ƙafa, ka taka wani abu. In babu shi, sai ka wuni a kan ƙusa. Raunin kuma ba ya saurin warkewa, don jini ba ya isa wajen sosai, ga ƙwayoyin cuta suna samun abin da suke so."

Ta ɗauki guntun zaren robar da yake ɗinki da shi, mai kauri irin na masunta, ta dangwala a bayan hannunsa har zaren ya lanƙwashe. Ta ce da makamancinsa suke gwaji a asibiti, sai dai nasu aunanne ne. A sa mutum ya rufe ido, a taɓa masa tafin ƙafa wuri-wuri, ya faɗi in ya ji.

Dunduniya ya ji wannan bayani da kunnensa, har ya riƙa maimaita wa direbobi kamar shi ya gano. Amma a ransa ya ajiye cewa ciwon suga na masu ƙiba ne irin Dogo. Saboda haka da Gimbiya ta fara kukan ƙafafunta suna mata zafi, shekara biyu ke nan, sai suka ce tsayuwar aiki ce. Takan dawo ta tsoma su a bahon ruwan sanyi tana cije leɓe, shi kuma yana mata fifita. Ƙishirwa ta sa ta gaba, kofi ba ya barin hannunta, fitsari kuma ba dama. Ta riƙa ramewa har zani yana zame mata, maƙwabta suna tsokanarta wai za ta koma budurwa. Mutumin da ya san ciwon gwiwar kowane direba a tasha ya kalli duk wannan bai karanta komai ba.

Wata shida da suka wuce zafin ya ɗauke. Ta ce wani man shafawa ne da abokiyar aikinta ta ba ta. Suka gode wa Allah, aka mayar da bahon wajen wanki.

Wata ranar Talata da hantsi, Gimbiya ta biyo ta rumfarsa da babbar leda. Ta ce takalman abokan aikinta ne, ƙafa huɗu, a gyara kafin Alhamis.

"Kuma ban da sharhi, Malam. Matan mutane ne."

Ta wuce sanye da silifa. Ya bi ta da kallo kamar kullum, ya ga tana ɗan buga ƙafa a ƙasa fiye da yadda ya saba gani, amma wani ya miƙo masa jaka mai tsinkakken hannu, hankalinsa ya koma can.

Sai bayan azahar ya zazzage ledar. Na farko maɗauri ne ya tsinke. Na biyu gam kawai yake so. Na uku baƙi ne sau-ciki, dunduniyar hagun ta ɓanɓaro, wani ya taɓa buga mata ƙusa da garaje. Ya zura yatsu ciki, ya fizgo hannu da sauri, ɗigon jini a kan ɗan alinsa.

Ya karkata takalmin wajen haske. Tsinin wata ƙusa ya ɓullo ta ciki, ba a dunduniya ba ma, can gaba daidai tudun da ke ƙarƙashin babban yatsa, inda mutum ke ɗora nauyinsa in zai ɗaga ƙafa. Kewaye da ita shimfiɗar ta yi baƙi, tabo a kan tabo, na tsakiya bai gama bushewa ba. Wannan ba aikin yini ɗaya ba ne, ba ma na mako ɗaya ba. Ya kai hanci, ya ji wani ɗan wari da ba na gumi ba.

"Innalillahi," ya ce shi kaɗai. "Baiwar Allahn nan ba ta jin ƙafarta."

Har ya fara shirya abin da zai gaya wa Gimbiya ta gaya wa matar, cewa ta bar komai ta nufi asibiti. Sannan ya kife takalmin kamar yadda ya saba. Dunduniyar hagu ta cinye ta gefen waje, ta dama kuwa daidai take sai ɗan goge a baki. Shekara talatin da ɗaya yana bin wannan tafiya a baya, zuwa kasuwa, zuwa asibitin haihuwa, zuwa rakiyar 'yarsu tasha. Ko a cikin takalma dubu ba zai ɓace masa ba. Gimbiya ta cusa nata cikin na mutane ne don kada ya yi mata surutu.

Ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a kan takalmin Dogo, ya yi maza ya kawar. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, da kuma kunya mai nauyi. Ya yanki zaren roba kamar tsawon yatsa ya sa a aljihu, ya tattara kaya. Mai faci da ke gefensa ya ce, "Lafiya, Dunduniya? Rana tsaka?" Ya ɗaga masa hannu, ya nufi gida.

Ya same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti, kofin ruwa a gefenta, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma. Da safa a ƙafarta, a wannan zafin.

"Yau kuma? Ko an kore ka daga ofis ne?" ta ce.

"Takalmi nake so in ɗinka miki."

"Ni? Bayan shekara talatin? Me ka yi min, Malam? Faɗi gaskiya."

"Awo kawai zan yi. Cire safar."

Ta ce akwai wata 'yar kanta a tafin ƙafarta da ta fashe mata, tana ɓata safa, amma ba ta ciwo ko kaɗan. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna, ya ɗora ƙafar hagun a cinyarsa, ya zare safar a hankali. Sai da ya ɗan ja, domin ta manne.

Ramin bai fi girman ƙwayar wake ba, gefensa fari da kauri, cikinsa ja mai duhu. Amma fatar da ke kewaye ta kumbura tana sheƙi, jan ya haura har tsakiyar ƙafa, kuma wurin ya fi sauran jikinta ɗumi. Warin nan na cikin takalmi yana nan.

"Rufe idonki," ya ce.

"Wane irin awo ne da rufe ido?"

"Sabon yayi ne. In kin ji na taɓa ki, ki ce kin ji."

Ta rufe ido tana murmushi, ta riƙe bakin tabarma da hannu biyu, ta ɗage kafaɗu tun kafin a taɓa ta.

"Ka dai janye haɓarka. Ka san hali, ba ruwana."

Ya dangwala zaren a ƙasan babban yatsa har ya lanƙwashe. Ya ɗaga ido ya dubi fuskarta. Murmushin yana nan, tana jira. Ya taɓa yatsa na uku, ya taɓa ƙaramin. Ya bi tudun ƙafar wuri uku, ya kauce wa raunin. Ya sauko tsakiyar tafin, daidai inda fensir ya taɓa jawo masa cizon harshe. Ya ɗauko ta dama ya yi mata haka, ita ma. Daga nan ya yar da zaren, ya sa farcensa ya ja tun daga dunduniya har yatsu, a hankali, sau biyu.

A waje wani mai sayar da ruwa yana ta buga ƙarfe a jikin kurarsa. Kaza ta zo ta saci shinkafa a faranti, ba wanda ya kore ta.

"Malam," in ji Gimbiya, ido a rufe, dariya na cin ta, "ka fara mana. Jiran nan ya fi cakulkulin wuya."

Mutumin da bakinsa bai taɓa shiru a kan ƙafar kowa ba ya zauna riƙe da ƙafar matarsa da hannu biyu, yana jin ɗuminta, ita ba ta jin nasa.

Shirun ya yi mata yawa, ta buɗe ido. Ta dubi fuskarsa, ta dubi hannuwansa da suka damƙe ƙafarta har jijiyoyinsu sun fito, ta ga abin da idonta ke gani jikinta bai gaya mata ba. Dariyar ta ɗauke.

"Tun yaushe?" ta ce a hankali.

"Tun ɗazu, Gimbiya."

Ta yunƙura za ta miƙe. Ya riƙe ƙafar gam, bai sake ta ba.

"Kada ki taka," ya ce. "Don Allah kada ki taka. Zauna nan in ɗauko miki mayafi, in kira mota."