Dattijon da Na Ji Nauyin Tambaya

Akwai ranar da har yau ta ƙi barin zuciyata, tun ina ƙaramar nas a wani asibitin ƙauye kusa da Kachia. Lokacin haƙar citta ne, lokacin da masu ciwon baya ke cika mana benci.

Ga wanda bai san aikin ba, kafin mu ba mutum magani sai mun cika masa kati: shekarunsa, inda ke masa ciwo, sannan tambayoyi uku, ko yana shan taba, ko giya, ko wani abin maye. Ba don tsegumi ake yin su ba. Wani maganin ciwon in ya haɗu da giya, hanta yake ci.

Ranar Baba Bitrus ya shigo, matarsa Mama Saratu tana riƙe da shi. Dattijo ne a cocinmu, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar aurena. Ya ce, "Ɗiyata, bayan nan zai kashe ni. Tun da na faɗi a mashin ban san barci ba."

Da na kai kan tambayoyin, na dube shi, na dubi Mama. Sigari kam kowa ya san yana laɓewa bayan rumbu ya sha. Sauran biyun kuwa bakina ya yi nauyi. Da wane ido zan tambayi mai karanta mana Littafi ran Lahadi ko yana busa wiwi? Na rubuta "a'a" da hannuna, na ba shi farasitamol, na ce ya sha duk sanda ciwon ya matsa. Sau huɗu yana dawowa, sau huɗu ina ƙara masa.

Dawowarsa ta biyar idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura. Muka tura shi babban asibiti a Kafanchan, ni na raka su. Likita ya duba katin, ya fitar da mu duka, ya rufe ƙofa, daga shi sai Baba. Can ya kira ni.

"Sista, wa ya cika katin nan?"

"Ni ce, Dokta."

"Kin tambaye shi?"

"A'a, Dokta."

Ashe wani abokin nomansa ne ya ba shi wiwi, wai tana kwantar da ciwo. Ta kwantar kuwa, na ɗan lokaci. In ta sake shi ciwon ya dawo, sai ya bi da ogogoro, giyar nan mai ƙarfi, kullum yana ƙara kofi, sannan ya ɗora ƙwayoyina a kai. Likitan ya ce ba yau ya fara ganin haka ga masu shan taba da ke fama da ciwo ba. Hantar ta riga ta tafi.

Da na shiga, Baba ya kama hannuna. "Da kin tambaye ni ni kaɗai, da na faɗa miki. Amma a gaban Mama?" Bai kai Kirsimeti ba.

Ku yara masu shigowa aikin nan, ku fitar da ɗan rakiya, ku tambayi kowa, fasto ne ko liman ko saurayi mai zuƙar shisha. Mai ciwo ba ya zaman jiranmu, yakan nemi sauƙi inda ya samu, kuma a gaban iyalinsa ba zai faɗa ba. Ni da na ƙi tambayar Baba, girmamawa na ɗauka ina yi.

Har yau Mama Saratu in ta gan ni a coci sai ta riƙe ni ta ce, "Ɗiyata, kin yi wa Baba ƙoƙari."